Frederick Lugard (Gwamna Lugga)

Frederick John Dealtry Lugard, wanda Hausawa suka fi sani da Gwamna Lugga, sojan Birtaniya ne kuma jami'in mulkin mallaka da ya jagoranci cin ƙasar Hausa da daular Usmaniyya da yaƙi, daga baya kuma ya haɗe Kudu da Arewa suka zama Najeriya ɗaya a 1914. An haife shi ranar 22 ga Janairu 1858 a Madras ta ƙasar Indiya, ya mutu ranar 11 ga Afrilu 1945 a Ingila.

Tashinsa

Babansa limamin coci ne a rundunar soja. Ya yi makarantar Rossall, daga nan ya wuce makarantar horon hafsoshi ta Sandhurst, ya shiga soja a 1878. Ya yi yaƙi a Afganistan da Sudan da Bama kafin ya juyo Afirka ta gabas.

A 1888 ya je yankin tafkin Nyasa ya yaƙi fataken bayi a Karonga, a can aka harbe shi ya ji mummunan rauni. Daga 1890 zuwa 1892 yana Yuganda yana yi wa wani kamfanin Birtaniya aiki, inda ya sa baki a rikicin Furotesta da Katolika a masarautar Buganda, ya goyi bayan Furotesta da bindigar Maxim mai aman wuta, abin da ya jawo masa ƙorafi sosai daga 'yan mishan na Faransa. A 1894 kamfanin Royal Niger na George Goldie ya ɗauke shi ya tura shi Bargu don ya riga Faransawa ƙulla yarjejeniya da sarkin Nikki, ɗaya daga manyan sarakunan Bargu. A 1897 aka ba shi aikin kafa rundunar West African Frontier Force, hafsoshi Turawa, sojoji kuma baƙar fata, da yawansu ma Hausawa da Yarbawa ne.

Cin Arewa

Ranar 1 ga Janairu 1900 aka sauke tutar kamfani a Lakwaja aka ɗaga ta Birtaniya, Lugga ya zama Babban Kwamishinan Arewa. To amma fa a takarda ne kawai, don a lokacin yawancin ƙasar da ake cewa yana mulka tana hannun sarakunanta, ba su san da zamansa ba balle su bi shi. Sai ya fara ɗauka ɗai-ɗai, Kwantagora da Bida da Yola a 1901, Bauchi da Zariya a 1902, a wannan shekarar ce kuma ya mayar da hedikwata Zungeru. Hujjar da ya riƙa kaiwa Landan ita ce hana farautar bayi, ko da yake tseren riga Faransa da Jamus kame ƙasa ba ƙaramin dalili ba ne.

A Oktoban 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney, jami'in Turawa a Keffi, ya gudu Kano, Sarki Alu ya karɓe shi hannu biyu-biyu, wannan ya ba Lugga dalilin da yake nema. Akwai kuma wasiƙar da aka ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aiko masa cewa ba abin da ke tsakaninsu sai yaƙi, masana tarihi na da saɓani a kan sahihancinta. Kanar Morland ya ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903 lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato, a hanyar dawowa aka yi karon Kwatarkwashi inda Waziri Ahmadu ya yi shahada, shi kuma Alu aka kama shi aka kai shi Yola sannan Lakwaja, can ya rasu a 1926. Ranar 15 ga Maris aka gwabza a Giginya bakin garin Sakkwato, doki da mashi da takobi gaban bindiga mai aman wuta, faɗan bai ɗauki lokaci ba. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, wanda ya gaji Abdurrahman, ya yi hijira gabas, jama'a suka yi ta barin gonaki da gidaje suna bin sa, har sojojin Turawa suka cim masa a Burmi ranar 27 ga Yuli 1903 aka kashe shi tare da ɗaruruwan mutane. Waɗanda suka tsira wasu suka ci gaba har Sudan ƙarƙashin ɗansa Mai Wurno, zuriyarsu na can har yau a garin da ke ɗauke da sunansa.

Lugga da kansa ya zo Sakkwato ya naɗa Attahiru na biyu, ya gaya wa manyan gari ƙarara cewa ikon da Fulani suka samu da yaƙi yanzu ya koma hannun Turawa da yaƙi, sai dai ya yi alkawarin ba za a taɓa addini ba. A Kano kuma aka naɗa Abbas.

Abin da ya fi muni ya faru ne a 1906. A Satiru kusa da Sakkwato talakawa da bayi masu da'awar Mahadi suka kashe Turawa uku da sojoji da dama, sai aka tura runduna ta shafe garin baki ɗaya, ana ƙiyasta mutum wajen 2,000 suka mutu, ba a sake zama a wurin ba. Wata guda da 'yan kwanaki bayan nan aka afka wa Haɗeja aka kashe Sarki Muhammadu. Ko a Landan abin ya dami wasu, Winston Churchill da ke ma'aikatar mulkin mallaka a lokacin yana cikin masu sukar irin waɗannan hare-hare. A shekarar Lugga ya ajiye aiki.

Mulki ta hannun sarakuna

Turawan da ke hannunsa 'yan kaɗan ne, kuɗi ma babu, shi ya sa ya bar sarakuna da alƙalai da hakimai a kan kujerunsu suna karɓar haraji da jangali, Razdan, wato Baturen da ke kula da lardi, na gefe wai mai ba da shawara, alhali shi ke da ta cewa, sarkin da ya ƙi a tuɓe shi. Ya haramta kasuwar bayi, ya ce duk yaron da aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma bai 'yanta waɗanda ke hannun iyayen gijinsu kai tsaye ba. An kuma taƙaita shigar 'yan mishan masarautun Musulmi, batun da ake ta ja-in-ja a kai game da jinkirin boko a Arewa.

Hong Kong da haɗewar Najeriya

Ya yi gwamnan Hong Kong daga 1907 zuwa 1912, babban abin da ya bari can shi ne jami'ar Hong Kong.

A 1912 aka dawo da shi, ranar 1 ga Janairu 1914 ya haɗe Kudu da Arewa ya zama Gwamna Janar har 1919. Dalilin haɗewar na kuɗi ne, Kudu na da rarar kuɗin kwastan, Arewa kuwa Birtaniya ke cika mata giɓi, ba a kuma tambayi ra'ayin 'yan ƙasa ba. Sunan Najeriya ma matarsa Flora Shaw ce ta ba da shawararsa a jaridar Times a 1897, tun kafin su yi aure a 1902. Shi ya zaɓi Kaduna ta zama hedikwatar Arewa, aka tare wajajen 1917. Da ya kai tsarin haraji ƙasar Yarbawa sai da aka yi bore a Egba a 1918, 'yan bokon Legas kuma ba su taɓa shiri da shi ba.

Ƙarshen rayuwa

A 1922 ya fitar da littafinsa The Dual Mandate in British Tropical Africa, ya yi shekaru a kwamitin Majalisar Ƙawancen Ƙasashe (League of Nations, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta gada) mai kula da yankunan riƙon amana har 1936, aka ba shi sarautar Lord a 1928. Flora ta mutu a 1929, ba su haihu ba. Ginin Lugard Hall a Kaduna da gidan gwamnati na Lakwaja har yanzu suna ɗauke da sunansa.