Hulɗar masu ƙera wasannin bidiyo masu zaman kansu da magoya bayansu a kafafen sada zumunta

Masu ƙera wasannin bidiyo masu zaman kansu su ne mutum ɗaya, ko ƙaramin rukunin mutane, da ke ƙirƙirar wasa ba tare da wani babban kamfani yana juya akalar aikin ba. A manyan kamfanoni irin su Electronic Arts da Ubisoft akwai sashen hulɗa da jama'a da ke tsayawa tsakanin ma'aikata da masu saye, amma a ƙaramin kamfani sau da yawa wanda ya rubuta manhajar wasan shi ne kuma yake karanta saƙonni a X (Twitter a da) da Reddit da Discord da zaurukan tattaunawa na Steam, dandalin sayar da wasannin kwamfuta, ya kuma amsa su da sunansa. Buƙatun magoya baya sukan shafi ranar fitar wasa, gyaran kurakurai, ƙarin abubuwa a cikinsa, farashi, da na'urorin da za a iya buga shi a kai. Yadda ake amsa waɗannan buƙatu ya zama batu mai zaman kansa a tarihin wannan sana'a tun daga farkon shekarun 2010.

Asali

Abubuwa biyu ne suka sauya matsayin mai saye daga ɗan kallo zuwa wanda ke ganin yana da ta cewa. Na farko shi ne tara kuɗi ta hanyar karo-karo a intanet. A watan Fabrairun 2012 kamfanin Double Fine na Tim Schafer ya nemi dala 400,000 a dandalin Kickstarter domin yin wani sabon wasa, sai ya samu fiye da dala miliyan 3.3, kuma daga nan ƙananan kamfanoni da yawa suka bi sahu. Na biyu shi ne tsarin Early Access da kamfanin Valve ya buɗe a dandalinsa na Steam a watan Maris na 2013, wanda ya ba da damar sayar da wasa tun kafin a kammala shi, bisa hanyar da Markus Persson ya riga ya bi da Minecraft tun 2009. A duka biyun mutum yakan biya kuɗi ne a kan alkawari, kuma wanda ya biya a kan alkawari yana da hujjar bibiyar abin da aka yi da kuɗinsa. Daga nan ne duk wata magana da mai ƙera wasa ya furta a hira ko ya wallafa a shafinsa ta fara zama bashi a kansa.

Waɗanda suka janye, 2013 zuwa 2014

A shekarun farko wasu fitattun masu ƙera wasanni barin fagen suka yi. Phil Fish na kamfanin Polytron da ke Montiriyal a Kanada, wanda ya fitar da Fez a 2012, ya sanar da kashi na biyu na wasan a watan Yunin 2013, sannan ya soke shi a ƙarshen watan Yulin shekarar, bayan wata taƙaddama da wani mai sharhi a Twitter. Har yanzu akwai saɓani kan ko laifin na masu zaginsa ne ko kuma na zafin harshensa.

A watan Fabrairun 2014 Dong Nguyen, ɗan ƙasar Biyetnam, ya cire Flappy Bird daga shagunan manhajojin waya a daidai lokacin da rahotanni ke cewa wasan yana kawo masa wajen dala 50,000 a kullum daga tallace-tallace. Dalilin da ya bayar shi ne wasan ya zama jaraba ga masu buga shi, kuma shaharar ta hana shi sakat. A watan Satumban wannan shekarar Persson ya sayar da kamfanin Mojang, mai wasan Minecraft, ga Microsoft a kan dala biliyan 2.5, watanni kaɗan bayan da magoya baya suka yi masa ca a kan ƙa'idojin karɓar kuɗi a sabar wasan (kwamfutocin da ake haɗuwa a buga shi ta intanet), kuma a bayanin bankwanarsa ya nuna cewa ba ya son ci gaba da ɗaukar nauyin abin da ya fi ƙarfinsa.

Lamarin No Man's Sky

Babu misalin da ake yawan komawa gare shi kamar na Hello Games, ƙaramin kamfani da Sean Murray da abokansa uku suka kafa a 2008 a garin Guildford na Ingila. An fara nuna wasansu na No Man's Sky a watan Disambar 2013, aka sake nuna shi a dandalin Sony a bikin baje kolin wasanni na E3 na 2014, inda alkawarin sararin samaniya mai duniyoyi fiye da yadda mutum zai iya ziyarta a rayuwarsa ya ja hankalin duniya. Ma'aikatan kamfanin ba su kai ashirin ba a lokacin, amma ana tallata wasan kamar na babban kamfani, an kuma sa masa farashin dala 60. Murray da kansa ne ya riƙa zuwa hirarraki, har da shirin talabijin na Stephen Colbert a 2015, yana amsa tambayoyi kan abubuwan da a lokacin ake gwada su ba a tabbatar da su ba, ciki har da yiwuwar 'yan wasa biyu su haɗu a wuri guda.

Tun kafin wasan ya fito matsala ta soma. Da aka ɗage ranar fitarsa daga Yuni zuwa Agustan 2016, Murray ya bayyana cewa an aiko masa da barazanar kisa, haka ma ɗan jaridar da ya fara ba da labarin ɗagewar. Wasan ya fito a kan PlayStation 4 ranar 9 ga Agusta a Arewacin Amurka, sai a kan kwamfuta ranar 12 ga watan. A cikin kwanakin farko wasu 'yan wasa biyu suka isa wuri ɗaya a duniya ɗaya amma ba su ga juna ba. Magoya baya a Reddit suka tattara jerin abubuwan da aka ambata a hirarraki da bidiyon talla waɗanda babu su a wasan, kowanne da hujjarsa, kuma wannan jeri ya bazu ko'ina. Mutane da yawa suka nemi a mayar musu da kuɗinsu. Shuhei Yoshida na Sony ya soki yadda aka tallata wasan a bainar jama'a. Hukumar kula da ƙa'idojin talla ta Birtaniya ta binciki koke-koke 23 da aka kai mata kan hotuna da bidiyon da ke shafin wasan a Steam, ta kuma yanke a watan Nuwamba cewa ba su yaudari masu saye ba.

Amsar da kamfanin ya bayar ita ce shiru. Kusan watanni uku Murray bai ce komai a fili ba, in ban da bayanan gyare-gyare, kuma mutane da dama sun ɗauka cewa sun kwashe kuɗi sun gudu. Daga baya ya bayyana cewa barazanar ta kai har sai da suka riƙa tuntuɓar 'yan sanda, ya kuma ce a wannan lokaci ya riƙa tace ƙorafe-ƙorafen yana rarraba su, yana fifita na waɗanda suka daɗe suna buga wasan a kan na waɗanda ba su saya ba. A ƙarshen Nuwambar 2016 suka fitar da sabuntawar Foundation, wadda ta kawo gina sansani, ba tare da doguwar sanarwa ba. Pathfinder ta biyo baya a Maris na 2017 da motocin yawo a ƙasa, sai Atlas Rises a Agusta, sannan Next a Yulin 2018, wadda ta kawo cikakken tsarin buga wasa tare da wasu ta intanet, wato abin da aka fi zargin kamfanin a kansa. Dukkan waɗannan kyauta aka ba da su. A 2019 magoya baya suka yi karo-karo suka sayi allon talla kusa da ofishin kamfanin suka rubuta godiya, a 2022 wasan ya ci lambar yabo ta BAFTA a Birtaniya ta wasan da ke ci gaba da bunƙasa, kuma a ƙarshen 2024 matsayinsa na gaba ɗaya a Steam ya kai matakin yabo mai yawa, shekaru takwas bayan ya fara da mummunan suna.

Darasin da Murray ya riƙa faɗa a tarukan masana'antar a 2019 shi ne cewa bayan wasa ya fito da matsala magana ba ta da amfani, sai aiki. Sai dai akan manta da cewa Hello Games ya iya yin shiru yana gyara na tsawon shekaru ne saboda wasan ya samu ciniki mai yawa a makon farko. Ƙaramin kamfanin da wasansa bai sayu ba ba shi da abin da zai ciyar da ma'aikata da shi a lokacin shirun.

Dogon jira

Kamfanin Team Cherry na birnin Adelaide a Ostireliya ya yi nasa shirun ba tare da wani laifi ya riga shi ba. Wasansu na Hollow Knight ya fito a Fabrairun 2017 da tallafin Kickstarter, kuma wani ƙari da aka yi wa masu tallafi alkawari ya girma har ya zama wasa mai zaman kansa, Silksong, wanda aka sanar a Fabrairun 2019. A Yunin 2022 an nuna shi a taron Xbox cikin wasannin da ake sa ran fitarsu cikin shekara guda, amma a Mayun 2023 kamfanin ya ce aikin ya ƙara girma. Neman labarinsa ya zama abin barkwanci a intanet, inda magoya baya ke cika wurin sharhi na kowane taron wasanni da sunansa. Ya fito ranar 4 ga Satumban 2025 a kan dala 20, cunkoson masu saye kuma ya sa Steam da wasu shaguna suka tsaya na ɗan lokaci. Masu kamfanin sun ce ba su yi magana ba ne don ba su da abin faɗa sai dai cewa suna kan aiki. Bayan fitarsa sun rage wahalar wasu abokan gaba na farkon wasan, sun kuma yi alkawarin gyara fassarar Sinanci da aka yi ƙorafi a kanta.

Amsa kai tsaye

Eric Barone, wanda ya yi Stardew Valley shi kaɗai cikin shekaru huɗu da rabi ya fitar da shi a Fabrairun 2016, ya bi wata hanyar dabam. A makonnin farko yakan amsa wa 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, har yana gyara musu fayilolin ajiyar wasa da suka lalace. Ya kawo tsarin buga wasa tare da wasu a 2018, da babbar sabuntawa ta 1.6 a Maris na 2024, duk kyauta. Wannan hanya ta jawo masa ƙauna mai yawa, amma ta jinkirta sabon wasansa, Haunted Chocolatier, da ya sanar tun Oktoban 2021.

Salon magana ma yana da tasiri. A 2019 mutum biyun da ke yin Ooblets suka sanar cikin raha cewa a shagon Epic Games kaɗai za a sayar da wasan a kwamfuta. Wasu suka ɗauki rahar a matsayin raini, aka yi musu ruwan saƙonnin zagi da barazana.

Matakan dandalin sayarwa

Babban makamin magoya baya shi ne luguden sharhi, wato taron mutane su zuba wa wasa mummunan sharhi cikin ɗan lokaci domin matsa wa mai shi. Valve ya fara mayar da kuɗi a Yunin 2015 ga wanda bai wuce kwana 14 da saye ba kuma bai buga fiye da awa biyu ba. A Satumban 2017 ya ƙara zanen da ke nuna hawa da saukar sharhi, sannan daga Maris na 2019 ya fara cire sharhin da bai shafi wasan kansa ba daga lissafin maki. Ana jayayya kan ko wannan kariya ce ga ƙananan kamfanoni ko toshe bakin masu saye.

Halin da ake ciki

A yau ƙananan kamfanoni da yawa sukan ɗauki jami'in hulɗa da 'yan wasa, ko su miƙa wannan aiki ga kamfanin da ke fitar musu da wasa, su kuma tattara ƙorafi a Discord ƙarƙashin masu sa ido. Wasu sun daina wallafa jadawalin ayyuka mai ɗauke da ranaku, musamman bayan da Iron Gate na Suwidin, masu wasan Valheim, suka janye nasu na 2021 saboda yawan masu saye ya tilasta musu karkata ga gyaran kurakurai.