Idan rijiyar mai ta ɓalle a ƙarƙashin teku, yaya ake toshe ta?

Me ke riƙe da rijiyar tun farko?

A bakin ramin akwai kan rijiya na ƙarfe da aka kafa a ƙasan teku. Lokacin haƙa ana ɗora masa wata ƙatuwar na'ura da ake kira BOP, mai haƙoran ƙarfe da ke datse bututu su rufe ramin idan mai ko gas ya taso da ƙarfi.

In ta ƙi aiki fa?

Abin da ya faru ke nan a rijiyar Macondo ta kamfanin BP a Tekun Meziko, ranar 20 ga Afrilu, 2010. Ma'aikata 11 suka rasu, mai ya yi ta kwarara har kwana 87. Zurfin wurin ya kai kimanin mita 1,500, ba mai iya nutso can, sai injinan da ake sarrafawa daga jirgi. An kifa wani ƙaton akwati a kan inda man ke fita, gas ya daskare ya toshe shi. An ɗura taɓo mai nauyi ta sama, rijiyar ta tofar. Sai ranar 15 ga Yuli wani murfi mai bawul-bawul ya tsayar da kwararar.

Me ya sa ba a rufe murfin nan take?

Nan ne gwanintar take. A buɗe ake sauke shi, man na bi ta cikinsa, a zaunar da shi daram, sannan a riƙa rufe bawul ɗaya bayan ɗaya, ido na kan ma'aunin matsi. Kowane mai gyaran famfo a Fagge ya san in ka toshe bakin ruɓaɓɓen bututu, ta wani wuri zai fashe. Idan bututun cikin rijiyar ya tsage, man zai ɓullo ta ƙasan teku, kuma wannan ba murfin da zai rufe shi.

Shi ke nan an gama?

A'a. Sai an haƙa wata rijiya a gefe, ta cim ma ta farko can ƙasa, a ɗura siminti. Ta Macondo sai a Satumba aka tabbatar ta mutu.

Ina ruwan Bakano da wannan?

Kason da jihar Kano ke karɓa daga Abuja duk wata, da kuɗin mai a cikinsa. Filin haƙar mai na Bonga a cikin teku, mai nisan kilomita 120 daga gaɓar Najeriya, zurfinsa ya haura mita 1,000. Bayan Macondo kamfanoni sun ajiye irin wannan murfi a Norway, Brazil, Singafo da Afirka ta Kudu. A ganina, tambayar da ta kamaci 'yan majalisarmu ita ce: kwana nawa zai ɗauka kafin murfin ya iso ruwanmu?