Tallafin noma: hannun wa yake shiga?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a Najeriya, kalmar tallafi ta zauna a bakin kowa, har a gidajen rediyon Damagaram. In an raba shinkafa ga waɗanda ambaliya ta cinye gidajensu, a ce tallafi. In OPVN, hukumar tanadin abinci ta Nijar, ta buɗe rumbunta ta sayar da hatsi da rahusa, a ce tallafi. In an ba manomi bashin da zai biya da kaka, shi ma tallafi. Na farkon agaji ne, na ƙarshen bashi ne, kuma cakuɗa su ba ƙaramin rufin asiri yake yi wa masu rabon ba.

A harkar noma, tallafi shi ne gwamnati ta ɗauki wani kaso na kuɗin abu daga baitulmali, domin mai saye ya biya ƙasa da farashin kasuwa. A ce buhun takin zamani jika 20 ne a kasuwar Dole, gwamnati ta ce a sayar da shi jika 13. Jika 7 ɗin nan da ke tsakani, su ne tallafin. Abin lura a nan shi ne, kuɗin buhu suke bi, ba talaucin mutum ba. Wanda ya iya ɗaukar buhu 50 ya ci tallafi sau 50, ita kuwa matar da ke noma 'yar gayaunarta a karkarar Mirriya, wadda farkon damina ke riskar ta rumbu ya yi ƙasa, tiya-tiya take sayen takin a hannun ɗan kasuwa, kuma ba mamaki daga buhun da aka tallafa aka auna mata, da cikakken farashi.

Kada a ɗauka ciwon namu ne kaɗai. Tarayyar Turai tana kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na kasafinta a kan noma, kuma mafi yawan abin da take zuba wa manoma kai tsaye gwargwadon faɗin gona ake biyan sa, eka nawa, kuɗi nawa. Sakamakon haka, alƙaluman hukumar tarayyar da kanta sun daɗe suna nuna cewa kusan kashi 80 cikin 100 na kuɗin yana tafiya ga kashi 20 na masu karɓa. Babu sata a ciki, ƙa'idar ce aka rubuta haka, ruwa ya tarar da kogi. A Najeriya kuwa, Akinwumi Adesina, lokacin yana ministan noma, ya ce kashi 11 cikin 100 kaɗai na manoma ne takin gwamnati ke isa gare su, abin da ya sa aka koma tura wa manomi saƙon rabonsa ta wayar salula a 2012.

Shi ya sa in an sanar cewa tan kaza na taki ya iso jihar Damagaram, ni ban ɗauke shi labarin manoma ba tukuna. Labarin yana wurin wanda ya rubuta jerin sunaye a Magarya ko Tanut, da watan da motar ta sauke kaya, domin takin da ya zo bayan gero ya fitar da kai, ɗan kasuwa mai wurin ajiya kaɗai yake yi wa rana.