Dokar Cures ta Amurka da fayil ɗin majinyaci

A ce majinyaci ya koma sabon asibiti, likita ya buɗe fayil ɗinsa a kwamfuta ya ga an rubuta nauyi 154. Fam ne ko kilo? In fam ne, mutumin kilo 70 ne kacal. Likita kuwa in ya ɗauka kilo ne, maganin da zai auna masa zai haura ninki biyu. Fayil ya iso lafiya, amma ma'anarsa ta zube a hanya.

Irin wannan na cikin abin da dokar Cures ta zo gyarawa. Shugaba Obama ya sa mata hannu a Disambar 2016, ofishin ONC mai kula da fasahar bayanai a ma'aikatar lafiya kuma ya fitar da ƙa'idojinta a 2020. Tun daga 5 ga Afrilu 2021 an haramta riƙe bayanan majinyaci ba tare da uzurin da doka ta yarda da shi ba. Kamfanin manhajar da ya yi haka na iya biyan tarar da ta kai dala miliyan ɗaya a kan kowane laifi.

Sai batun harshe ɗaya da manhajojin asibitoci za su yi magana da juna, inda aikin yake. Duk manhajar asibitin da ke neman shaidar gwamnati dole ta iya aika bayanai da tsarin FHIR na ƙungiyar HL7, ta kuma ɗauki jerin da ake kira USCDI: magunguna, sakamakon gwaji, abin da jikin mutum ba ya karɓa, da sauransu. Gwajin jini lambar LOINC yake ɗauka, magani lambar RxNorm, ma'auni kuma da UCUM ake rubuta shi, don kada fam ya sake zama kilo. Akwai ma manhajar Inferno da ake gwada manhajojin asibiti da ita.

Sai dai fa Inferno tsari take dubawa, ba ruwanta da gaskiyar abin da aka cusa ciki. Nas ta rubuta a gurbin sharhi cewa penisilin na tayar wa mutum da ƙuraje, ta bar ainihin gurbin abin da jiki ba ya karɓa fayau, manhaja za ta ci jarrabawa, asibitin da aka aika wa fayil ɗin kuma ba lallai gargaɗin ya fito masa ba. Haka maganin da aka daina sha tun bara zai yi ta bin mutum daga fayil zuwa fayil.

A nan wata tsohuwar doka ce ke taimakawa, wato HIPAA: majinyaci na da ikon neman a gyara fayil ɗinsa, asibiti kuma na da kwana 60 ya ba shi amsa.