Waƙar Muhalli: Ta Ina Mai Koyo Zai Fara?

Mece ce waƙar muhalli, kuma me ya raba ta da waƙar yabon halitta?

Yabon damina, hasken wata da kukan tsuntsaye tsohon jigo ne, da wuya a sami al'ummar da ba ta da shi. Ita waƙar muhalli ba ta tsayawa a yabo, sai ta tambayi abin da hannun ɗan Adam ya yi wa wannan ni'ima. Nan ne sare daji, kwararowar hamada, ambaliya da gurɓacewar iska suke shigowa.

Ta ina zan fara?

Da ido da kunne, tun kafin alƙalami. Ka zaɓi abu guda, ko bishiya ce ko rafi, ka riƙa lura da shi safe da yamma, rani da damina. Ka san sunansa, ka san tsuntsun da ke sauka a kansa. Duk wanda ya rubuta cewa itatuwa kaf sun yi shar da damina bai taɓa kallon gawo ba, domin gawo da damina yake kaɗe ganye, sai rani ya tsananta ya tofo. Irin wannan lura ita ce jarin mawaƙi, kuma a ganina rashinta ne ke kashe yawancin waƙoƙin masu koyo. Mutanen Japan sun kai wannan horo ƙarshe a waƙar haiku: ɗango (wato layi) 3 kacal, masu gaɓoɓi 5, 7 da 5, kuma bisa al'ada sai an saka kalmar da ke nuna lokacin shekara.

Dole ne in san kari da amsa-amo?

Idan rubutacciyar waƙa kake nufi, eh. Kari shi ne ma'aunin sautin waƙa, amsa-amo kuwa daidaituwar sautin ƙarshen ɗango ko baiti. Khalil ɗan Ahmad, malamin Basra na ƙarni na 8, shi ya tsara ilimin aruli, wato awon waƙar Larabci, da karuruwa 15, daga baya suka zama 16. Amma kada wannan ya razana ka. Ka koyi bambance gaɓa mai nauyi da marar nauyi, ka fara da ƙwar biyu (baiti mai ɗango biyu), ka rera kowane baiti a fili. Inda harshe ya yi tuntuɓe, nan kari ya karye.

Alƙaluman kimiyya suna da gurbi a waƙa?

Suna da shi a zuciyar mawaƙi fiye da cikin baiti. Tafkin Chadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, daga baya ya rasa kusan kashi 90 cikin 100 na faɗinsa. Ka san wannan sosai, sannan ka nuna mana kwalekwale kife a kan busasshiyar laka, da masuncin da ya koma riƙon fartanya. Gargaɗin zai fito da kansa, ba sai ka rufe waƙar da jerin umarni ba.

Akwai ranar da aka ware wa irin wannan aiki?

Ranar 21 ga Maris ta haɗa biyu. Hukumar UNESCO ta ayyana ta Ranar Waƙa ta Duniya a 1999, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta sanya ta Ranar Dazuzzuka a 2012.