Waiwaye: Tsakanin aji da ofis a Makarantar Horas da Lauyoyi ta Najeriya

Wanda ya taɓa shiga harabar Makarantar Horas da Lauyoyi da ke Bagauda da sassafe ya san yadda wurin yake. Ɗalibai ne birjik cikin baƙi da fari, maza da kwat da lakataya duk zafin Kano, ana ta sauri kada a rufe ƙofar zaure. Gine-ginen kansu ba don karatu aka yi su ba, tsohon otal ne na gefen tafki da aka gina zamanin Gwamna Audu Bako, daga baya aka mayar da shi makaranta. A gaban zauren malami ɗaya ne riƙe da makirufo yana fuskantar ɗaruruwan mutane, kowannensu da digirinsa na shari'a a hannu. A can wani ofis kuma akwai wanda ɗaliban ba su cika sanin sunansa ba, alhali fayil ɗin kowa sai ya bi ta teburinsa kafin a kai ga sanya hular gashin doki ta lauyoyi. Labarin waɗannan mutum biyu, mai alli da mai fayil, shi ne abin da za mu waiwaya.

Kafin samun 'yancin kai, duk ɗan Najeriya da ke son zama lauya sai ya hau jirgi zuwa Ingila. Christopher Sapara Williams ne ya buɗe wannan hanya, aka rantsar da shi a Landan a 1879. Arewa ba ta samu nata ba sai a 1955, lokacin da Abdulganiyu Abdul Razaq na Ilori ya zama lauya, sannan Mohammed Bello na Katsina ya biyo baya a 1956. Matsalar ita ce a Ingila aikin lauya kashi biyu ne: akwai mai tsayawa gaban alƙali, akwai mai zama a ofis yana rubuta yarjejeniya da takardun filaye da wasiyya. Akasarin 'yan Najeriya kashin farkon suke karantowa, su dawo gida su tarar ana jiran su yi duka biyun. Ga shi ba a koya musu dokar gargajiya ba, balle shari'ar Musulunci, balle rikicin gona da gado irin namu.

Wannan giɓi ne ya sa gwamnatin tarayya ta kafa kwamiti a 1959 ƙarƙashin Antoni-Janar na lokacin, E. I. G. Unsworth. Shawarar kwamitin ita ce a raba aikin gida biyu: jami'a ta koyar da ilimin shari'a ta ba da digiri, sannan a kafa makaranta guda a Legas da za ta koyar da sana'ar kanta. Dokar da ta kafa Majalisar Kula da Ilimin Lauyoyi ta fito a 1962, makarantar kuma ta buɗe a watan Janairun 1963 a gida mai lamba 213A kan titin Igbosere, da ɗalibai takwas, kwas na wata uku. Daraktanta na farko Bature ne, G. Rudd, sai Dakta Olakunle Orojo ya gaje shi a ƙarshen shekarun 1960.

Tun daga wannan rabo aka samu malaman shari'a iri biyu a ƙasar nan, kuma tsanin kowanne daban. Na jami'a yana hawa ne da rubuce-rubuce. Ya fara daga ƙaramin lakcara, ya yi digiri na biyu da na uku, ya tara maƙalu a mujallu, a aika da su wajen masu tantancewa a wasu jami'o'i, in an yi dace ya zama farfesa. Nsukka ce ta fara buɗe tsangayar shari'a a 1961, sai Legas da Ife da Zariya suka biyo a 1962. Ta Zariya a Kongo take, cikin Cibiyar Koyon Mulki, kuma ba ta faɗo daga sama ba. Cibiyar ta riga ta shiga aikin horar da alƙalai da ma'aikatan kotu kan sabon kundin hukunta laifuka na Arewa, wanda ya samo asali daga kwamitin masana na 1958 da Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, ya jagoranta. Kafin nan ma akwai makarantar shari'a da aka buɗe a Kano a 1934 da malamai daga Sudan, wadda ta koma Makarantar Koyon Larabci a 1947. Saboda haka koyar da shari'a a matsayin aikin albashi ya girmi Igbosere a Arewa da kusan shekara talatin, sai dai alƙalai ake yayewa, ba lauyoyi ba.

Malamin Makarantar Lauyoyi kuwa nasa tsanin wani iri ne. Makarantar ba jami'a ba ce. Ba ta ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi, tana ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a ta Tarayya ne, kuma ba ta ba da digiri. Malaminta yakan tashi daga lakcara zuwa babban lakcara, daga nan sunan muƙamin ya rikiɗe ya koma na ofis: mataimakin darakta, darakta, sannan mataimakin babban darakta mai riƙe da reshe guda. A nan ne abin yake ba ni mamaki. Mutum ya ƙware a koyar da yadda ake shigar da ƙara ko yadda ake yi wa shaida tambayar ƙwaƙwaf, ladan ƙwarewar tasa kuma shi ne a ɗauke shi daga aji a ba shi tebur, ya koma sa hannu kan takardar gyaran famfo da kuɗin man janareta. Farfesoshin da ake gani a makarantar galibi daga jami'a suka zo da farfesancinsu.

Mu nan Arewa muna da misalai biyu a kusa, duka daga Adamawa, duka kuma ta Jami'ar Maiduguri suka biyo. Tahir Mamman ya shugabanci tsangayar shari'a a can kafin ya zama Babban Daraktan makarantar daga 2005 zuwa 2013. Daga baya ya shugabanci Jami'ar Baze a Abuja, ya kuma riƙe kujerar Ministan Ilimi daga 2023 zuwa 2024. Isa Hayatu Chiroma shi ya fara riƙe reshen Yola, aka naɗa shi Babban Darakta a 2017 bayan Olanrewaju Onadeko. Duk wanda ya dubi tafiyar mutanen nan biyu zai ga cewa a wannan fage koyarwa da mulki ba hanyoyi biyu ba ne masu tafiya kafaɗa da kafaɗa. Ta farkon ce take zubewa cikin ta biyu.

Sai babbar taƙaddamar da ta daɗe tana ci wa malaman shari'a tuwo a ƙwarya: shin malamin da gwamnati ke biya zai iya sa rigarsa ya je kotu ya kare wani? A 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta fitar da dokar da ta hana ma'aikatan gwamnati masu sana'o'i irin su lauyanci yin aikin kansu a gefe. Tsangayoyin shari'a suka ji a jikinsu, domin lauyan da ya iya aikinsa ba zai zauna kan albashin lakcara ba alhali abokan karatunsa suna can suna kwasar rabonsu. A 1992, zamanin Janar Babangida, aka fitar da umarnin da ya cire malaman shari'a daga wannan hani. Aka ɗan numfasa. Sai kundin tsarin mulki na 1999 ya zo da ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata a jadawalinsa na biyar, wadda ta ce ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci ba zai gudanar da wata sana'a ko kasuwanci na kansa ba, in ban da noma. Wato dai a zahirin lafazin, malamin da ke koyar da dabarun shari'a yana da damar ya noma masara a ƙauyensu, amma tsayuwarsa gaban alƙali abin a yi gardama ne. An kuwa yi ta. Wasu suka ce kundi ya fi ƙarfin kowane umarni, wasu suka ce umarnin 1992 yana nan daram tunda ba a soke shi ba. Lauyoyi sun sha tayar da maganar a kotu don su kori abokin karawarsu daga shari'a.

Ni dai a ganina hujjar masu cewa a bar su su je kotu ta fi nauyi, musamman a Makarantar Lauyoyi. Ba a koyon iyo a tudu. Wanda rabonsa da rajistirin kotu shekara goma, me zai gaya wa ɗalibi game da abin da ke faruwa idan an kai takardar ƙara aka ce ba a biya kuɗin tambari daidai ba? Amma masu ɗaya ra'ayin su ma ba banza suke magana ba. Na yi karatu a hannun wani malami a wata jami'a da ba zan ambata ba, wanda duk ranar da yake da zama a babbar kotu sai dai mu ga ɗan aike ya zo ya rubuta a allo cewa an ɗage darasi. Zangon karatu guda muka gan shi sau huɗu. Ranar da ya zo kuwa, abin da muka koya cikin awa biyu ya fi na wata guda a hannun wani. Har yau ban yanke hukunci a kansa ba.

Sana'ar ta ɗan buɗe wa malamai ƙofar girma. Da aka ƙirƙiro lambar SAN, wato Babban Lauyan Najeriya, a 1975, Rotimi Williams da Nabo Graham-Douglas ne suka fara samu, amma ba a jima ba Farfesa Ben Nwabueze ya same ta a 1978 albarkacin littattafansa, kuma har yanzu akan keɓe wa malamai gurbi a kowace shekara. Wasu kuma daga aji suka haye kujerar alƙalanci. Taslim Elias ya shugabanci tsangayar shari'a ta Jami'ar Legas, ya zama Alƙalin Alƙalan Najeriya a 1972, daga ƙarshe ya shugabanci Kotun Duniya da ke Hague. Niki Tobi ya koyar a Maiduguri kafin ya shiga alƙalanci har ya kai Kotun Ƙoli a 2002. Waɗannan su ne ake nunawa matashin lakcara idan ya fara ƙorafin albashi, kodayake ba a cika gaya masa ko mutum nawa ne suka tsaya a tsakiyar tsani ba.

Yanzu mai fayil. Lokacin da ɗalibai takwas ne, akawu ɗaya ya isa. Amma makarantar ta koma tsibirin Victoria a 1969, hedikwatarta ta tashi zuwa Bwari kusa da Abuja a 1997, sannan rassa suka yi ta fitowa: Enugu da Kano (wato na Bagauda), daga baya Yenagoa da Yola, sai Fatakwal wanda gwamnatin Jihar Ribas ta gina aka buɗe a 2022. Kowane reshe yana buƙatar mai kula da harkokin ɗalibai, da mai kuɗi, da mai ɗakin karatu, da likita, da mai kula da ɗakunan kwana. A saman wannan ɓangare akwai kujera guda mai suna biyu, Sakataren Majalisar Kula da Ilimin Lauyoyi kuma Daraktan Mulki. Aikinsu ba ya fitowa a jarida sai an samu kuskure. Su ne ke raba dubban ɗalibai zuwa rassa, su tura kowa kotu da ofishin lauya inda zai yi zaman sanin makamar aiki, su tabbatar kowa ya halarci liyafar cin abinci uku da al'adar sana'ar ta wajabta, su tattara takardun shaidar ɗa'a su miƙa wa Majalisar Dattawan Lauyoyi, wadda ita ce ke rantsarwa tun kafuwarta a 1971. Harafi ɗaya ya kauce a sunan mutum tsakanin takardar sakandare da ta digiri, sai ka ga an yi wata da watanni ana zarya da takardar rantsuwa.

Nauyin da ke kansu kuma ba su suka ɗora shi ba. Majalisar Kula da Ilimin Lauyoyi takan ƙayyade wa kowace tsangaya yawan ɗaliban da za ta ɗauka, jami'o'i da dama kuma sukan zarce, sai a samu tarin masu digiri suna jiran gurbi shekara da shekaru. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ma yana taɓa su duk da malaman makarantar ba 'yan ƙungiyar ba ne: wanda aka yi na wata takwas a 2022 ya hargitsa lokacin kammala digiri, abin da ke sa rukuni biyu su taru a ƙofa lokaci guda. Ga batun kuɗi. Da yake makarantar ba jami'a ba ce, ta yi shekaru tana kallon asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund yana gina zaure da ɗakin karatu a jami'o'i, yana tura lakcarorinsu ƙaro ilimi waje, ita ba ta cikin lissafi.

Sauyin manhaja na 2008, zamanin Tahir Mamman, ya taɓa mai alli da mai fayil lokaci guda. Aka dunƙule darussa zuwa biyar: shari'ar farar hula, shari'ar laifuka, harkar kadarori, harkar kamfanoni, da ɗa'ar sana'a. Aka ce malami ya daina karanto takarda ɗalibai suna kwafa, a raba su rukuni-rukuni, su rubuta takardun ƙara da hannunsu, su yi kwaikwayon zaman kotu, su dawo daga sanin makamar aiki da kundin abin da suka gani a tantance shi. Tsari ne da ke buƙatar malamai da yawa da ƙananan ɗakuna da ma'aikatan da za su bi diddigin kowane kundi. A Bagauda dai zauren nan ne guda, da makirufo, da malamin da zai kira wakilin rukuni ya fito gaba ya karanta abin da suka tsara, saura ɗaruruwa suna zaune suna fifita da takardunsu.