Kwamfuta ɗaya, ma'aikata goma: tambayoyi kan shiga sabar daga nesa

Wani Alhaji mai sayar da kayan gini a Yamai, mai reshe a Tawa, ya kira ni birosa. Yana so akawunsa na can da na nan su riƙa aiki da manhajar lissafi guda, ba sai an riƙa aiko takardu a mota ba. Ga tambayoyin da ya yi mini, da yadda na amsa.

Mene ne ma shiga daga nesa?

Manhajar da bayanan duk suna zaune a babbar kwamfuta ɗaya, wato sabar. Akawun da ke Tawa hoton allon kawai yake gani, abin da ya danna kuma ya tafi Yamai a aiwatar da shi. Shi ya sa tsohuwar kwamfutar da ta gaji ma tana iya wannan aiki. Microsoft ta fara nata tsarin na wannan aiki a 1998 da sunan Terminal Server, ta mayar da shi Remote Desktop Services a Windows Server 2008 R2, wato wani samfurin Windows na sabar. A na'urorinmu masu Faransanci za ka ga an rubuta Services Bureau à distance.

Windows 11 da ke shagona ba zai yi ba?

Ba zai yi ba, Alhaji. Samfurin Pro mutum ɗaya yake ɗauka a lokaci guda, Home kuwa ba ya karɓar baƙo sam. Shi kansa Windows Server, in ba a ƙara masa komai ba, mutum 2 yake bari, su ma don kula da na'urar.

To yaya ake haɗawa?

A cikin Server Manager, manhajar kula da sabar, ake ƙara ɓangarori biyu: Session Host mai karɓar masu shiga, da Licensing mai raba lasisi. Sai a buɗe wa kowane ma'aikaci asusunsa, a sa shi a rukunin masu izinin shiga daga nesa. Ma'aikaci ya rubuta mstsc a kwamfutarsa don buɗe manhajar shiga daga nesa, ya sa adireshin sabar, shi ke nan. Ina roƙon kowa: kada a raba kalmar sirri ɗaya ga mutum biyar. Ranar da lissafi ya ɓace, ba wanda za a iya tambaya.

Ina maganar lasisi?

Nan ne mutane suke faɗawa rami. Bayan an haɗa, Windows yana ba da kwana 120 ana aiki ba lasisi. Komai na tafiya lafiya lau, mai haɗawa ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Wata huɗu bayan nan, da safe, akawu ya zo shiga sai saƙo ya fito cewa babu mai ba da lasisi. Na taɓa samun wani biro a haka ranar biyan albashi, ma'aikata sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa, mai gida yana zaton ƙwayar cuta ce ta kama na'urar.

Lasisin ana ce masa RDS CAL, kuma iri biyu ne. Akwai na kowane mutum, akwai na kowace na'ura. In ma'aikata uku suna karɓa-karɓa a kwamfuta ɗaya, na na'ura ya fi sauƙi. In mutum ɗaya yana shiga daga biro da gida da kan hanya, na mutum ya fi, amma shi yana tafiya ne da Active Directory, tsarin Microsoft mai riƙe asusun ma'aikata wuri guda. A sa kuɗin lasisin cikin lissafi tun ranar farko.

Ɓarayin intanet fa?

Ƙofar da ake shiga ta ita lambarta 3389, kuma duk duniya an san ta. Akwai na'urorin da dare da rana aikinsu ƙwanƙwasa ta da gwada kalmomin sirri. A 2019 an gano ɓarakar da aka sa wa suna BlueKeep, wadda ke ba mutum damar kutsawa tsofaffin Windows ba tare da kalmar sirri ba. Ni dai ba na buɗe wannan ƙofa ga intanet kai tsaye, ko an matsa mini. A bi ta VPN, wato keɓantacciyar hanya mai tsaro a cikin intanet, ko a kafa Remote Desktop Gateway, mai tsaron ƙofa da ke aiki ta ƙofa 443. Sauya lambar ƙofar kaɗai ba kariya ba ce.

In rezo ya yanke ko an ɗauke kuran?

In rezon Tawa ne ya yanke, aikin akawu yana nan a buɗe a sabar, ya dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya. In sabar ce ta mutu, kowa ya tsaya, abin da ba a adana ba kuma ya tafi. Don haka a haɗa mata batir mai riƙe wuta, a ajiye ta a ɗaki mai sanyi, musamman a zafin Afrilu da Mayu, a kuma riƙa share ƙurar hunturu daga fankarta. Kwafin bayanai kuwa a ajiye shi a wani gini daban.

Akwai hanyar da ba ta Microsoft ba?

Akwai. Linux, wani tsarin kwamfuta madadin Windows, da manhajarsa ta shiga daga nesa mai suna xrdp suna karɓar mutane da yawa ba kuɗin lasisi. Sai dai manhajar lissafin Alhaji ta Windows ce, don haka muka tsaya kan Windows Server, da lasisin na'ura 6: huɗu a Yamai, biyu a Tawa.